Wayarka Ba Safiyo Ba Ce, Alhaji

Tunda manyan wayoyi suka cika aljihu, kowa a ƙasar Ƙanƙara ya zama safiyo. Mutum zai tsaya a bakin gonarsa, ya buɗe taswira, ya ga shuɗin ɗigo yana rawa a fuskar waya, ya ce ai ga iyaka nan. To, Alhaji, da kai nake, kai da kake cewa masu awon ƙasa sun ɗauko sanda mai hula da mai ƙafa uku da batirin mota ne don su tsorata ka ka biya da yawa. Gyara zama. Ba zan raba ka da wayarka ba, na san da ita kake kwana, amma mu yi ɗan lissafi.

Wannan ɗigon da ke rawa, in ya yi ƙoƙari, yana iya kauce wa inda kake tsaye da mita 3 zuwa 5, wani lokaci fiye. Ka ce mita 5 mece ce a gona? Ɗauki gefe guda mai tsawon mita 100, ka matsar da iyakarsa mita 5. Ka ci murabba'in mita 500 ke nan daga gonar maƙwabcinka, ko shi ya ci daga taka. Fulotin nan na ƙafa 50 da 100 da ake kai ruwa rana a kansa bai kai haka ba. Wato wayarka tana iya kyautar da fuloti guda tana murmushi, kai kuma kana yaba mata. Na'urar safiyo, in an kafa ta yadda ya kamata, kuskurenta santimita 1 ne zuwa 2. Kuma kada ka ce taurarin masu kuɗi daban ne. Taurarin ɗan'adam da wayarka ke saurare su ne take saurare: GPS na Amurka, GLONASS na Rasha, Galileo na Tarayyar Turai, BeiDou na Sin. Kyauta suke magana, ba su san mai rawani da mai tallar goro ba. Bambancin yana wurin saurare.

Taurarin GPS suna shawagi ne a nisan kusan kilomita 20,200, kowanne yana zagaya duniya sau 2 a yini. Abin da suke aikowa ba hoto ba ne, ba taswira ba ce, lokaci ne kawai da bayanin inda suke. Na'urar da ke ƙasa ta ƙirga daɗewar saƙon a hanya, ta mayar da shi nisa, ta haɗa na taurari 4 ko fiye, ta gano wurinta. Saƙon kuwa da gudun haske yake tafe, santimita 30 a cikin kashi ɗaya bisa biliyan na daƙiƙa. Kafin ya iso Sheme ko Damari ya yi rauni har ya nutse a ƙarƙashin shuwar da ke cikin iska. Eriya ita ce kunnen da zai tsamo shi, kuma kunnen wayarka wani ɗan siririn ƙarfe ne da aka cusa a gefen murfi, tsakanin batir da kyamara, kai kuma ka danne shi da tafin hannu.

Ga kuma abokin gaba na gida, wato kwano. Saƙon tauraro yakan bugi rufin kwano, ko jikin tankar mai, ko fuskar dutse irin duwatsun da ke ƙasar Faskari, ya dawo ya iso eriya a makare. Na'urar da ba ta iya bambancewa sai ta ɗauki amsa-kuwwar a matsayin gaskiya, ta ƙara nisa inda babu. Eriyar safiyo an ƙera ta ne don wannan rigima. Saƙon da ya taho kai tsaye yana murɗawa ta dama, in ya bugi abu sai murɗin ya juya, ita kuma an yi ta ne ta fifita na dama. A ƙarƙashinta akwai faranti da ke tare abin da ya taso daga ƙasa. Manyan tashoshi ma sukan sa wadda aka kewaye da zobban ƙarfe masu zurfi, ɗaya cikin ɗaya, mai nauyin da in ka ɗauke ta daga Ƙanƙara zuwa Ƙetare a ka, sai an gasa maka wuya. Ka gani, Alhaji, hular nan da kake wa dariya ita ce aikin.

Na ji Baba yana tari daga can baya. Allah ya ja kwana, Baba, na san abin da za ka ce: kakanninmu da taki da igiya suka raba gado, suka dasa gamba da bini-da-zugu a iyaka, ba wanda ya mutu. Gaskiya ne sun raba. Amma ai ka fi ni sanin cewa takin dogo ba ɗaya yake da na gajere ba, kuma gamba tana da wata ɗabi'a ta matsawa cikin dare, kullum kuma wajen gonar marayu take matsawa, ban san dalili ba. Turawan mulki ma sun gwada awon taki a ƙasashen Kano da Katsina don yanka haraji, har aka yi malaman taki, kuma ƙorafin da aka yi a kansu bai ɓoyu ba, don takin malam yakan tsawaita ko ya gajarta gwargwadon yadda aka tarbe shi. Lokacin kuma daji ne ko'ina, in an matse ka sai ka yi sabon sassabe. Yau ina dajin? Burtalin da aka bar wa shanu ya zama kunya uku ta masara, dokar makiyaya ta 1965 tana cikin takarda, masu haƙar farar ƙasa a Ƙanƙara lasisinsu da lambobin awo yake, banki ba ya karɓar gamba a jingina, hukumar filaye ta KATGIS a Katsina ma lamba take nema.

Yawancin na'urorin da safiyo ke yawo da su yanzu eriyarsu a haɗe take da jikinsu, duka a kan sanda mai mita 2. To me ya kawo maganar eriya ta daban, wadda ake jona wa da wayar kebul? Dalilai ne na fili. Wanda zai kafa tasha ta dindindin, a ce a sakatariya ko wani ofis, yana son eriya a can saman gini inda take ganin sama duka, na'urar kuma tana ɗaki cikin inuwa, kusa da batir, nesa da ɓarawo. Mai awon hanya yana son eriya a kan rufin mota, shi yana ciki. Mai aikin da zai shafe yini a kan turke guda yana son eriyar da ta fi kyau, kuma ba ya son ranar Afrilu ta dafa masa na'urar miliyoyi. In an raba su, kowace ta sami wurin da ya dace da ita.

Nan ne ƙanena mai ɗaura dish zai yi tsalle ya ce wannan ai aikinmu ne, Yaya, kawo in haɗa maka, ina da waya naɗi guda. Sannu da ƙoƙari, injiniya. Dish ɗinka tauraro ɗaya yake kallo, wanda ke tsaye cak a nisan kusan kilomita 36,000, shi ya sa kake murɗa shi kana tambayar na ɗaki ko ya kawo. Taurarin awo ba sa tsayawa, wannan ya fito wancan ya faɗi, don haka eriyarsu ba a saita ta gabas ko yamma, a miƙe ake ajiye ta, a daidaita ta da ƙwayar ruwa, a bar mata sararin sama. Wayarka ta dish kuma mai om 75 ce, kayan awo da mai om 50 suke aiki, bakin ma ba zai shiga ba, kuma na san ka, in bai shiga ba za ka fere shi da reza ka naɗe da salatif. Kada ka soma. Wannan wayar aiki biyu take yi a lokaci guda: tana sauko da saƙo, tana kuma hawa da 'yar wuta, kamar bolt 3 zuwa 5, don ciyar da ƙaramin amfilifaya da ke cikin eriyar. Sili ɗaya ya taɓa ɗan'uwansa, ka kashe eriya, in ba a yi sa'a ba har da ƙofar na'urar. Tsawo ma da iyaka. Siririyar waya in ta wuce kamar mita 10 sai saƙon ya fara tsiyayewa a hanya. Mai son mita 30 sai ya sayi mai kauri, wadda ba ta son a tanƙwara ta, ba ta son ruwa ya shiga bakinta, kuma akuya na sonta ƙwarai. Wanda ya ɗora eriya a saman bene a ƙasar da hadarin Agusta ke zuwa da tsawa, bai sa mata abin kariya ya binne ƙarfe a ƙasa ba, to ya gayyaci aradu har ɗaki.

Akwai wani kuskure da ba ruwan taurari a ciki. Na'ura ba turken siminti take aunawa ba, wani ɗigo take aunawa a cikin eriya, wanda ido ba ya gani. Dole safiyo ya gaya mata wace irin eriya ce, ya kuma auna tsayinta daga kan turke da tef, ya rubuta daidai. In ya rubuta 1.56 a maimakon 1.65, duk tsayin da ya auna ranar ya kauce da santimita 9, kuma in magudanar ruwa ce ake zana wa, ruwan zai bi inda Allah ya nufe shi, ba inda takarda ta ce ba. In ka ga safiyo ya auna tsayin nan sau biyu, safe da yamma, ba mantuwa ke damunsa ba.

Bishiyoyi ma da nasu. Mangwaro da ɗorawa da darbejiya duk suna tare saƙo, kuma abin haushi, iyakokin gonakinmu a gindinsu suke, don su ne shaida. Kuka da mutunci, da rani takan zubar da ganye. Gawo kuwa sai da rani, lokacin da aka kwashe amfanin gona masu awo suka fito, sannan yake cika da ganye, da damina ya tsaya tsirara.

To ga ɗan boko ya ɗaga hannu. Ya ce shi ya karanta cewa Ofishin Babban Safiyon Tarayya ya fara kafa tashoshin dindindin tun 2008, ana kiran tsarin NIGNET, akwai ɗaya a Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, akwai ɗaya a Kwalejin Hassan Usman Katsina, don haka me ya sa safiyo zai wahalar da kansa da ɗaukar na'ura biyu? Ya jona intanet kawai ya karɓi gyara. Madalla da karatu, Malam. Bari in bayyana wa sauran jama'a abin da yake nufi. Awon santimita da na'ura biyu ake yinsa: ta zaune, a kan turken da aka san lambarsa, da ta yawo. Ta zaune tana ganin ƙaryar da iskar sama ta sa taurari suka yi a wannan daƙiƙa, sai ta sanar da ta yawo ta cire. Amma wannan yana tafiya ne in suna ƙarƙashin sama iri ɗaya, kilomita 10, 20, in an matsa 30. Ƙanƙara kuwa ta faɗo a tsakiya, kusan kilomita 100 zuwa kowace daga tashoshin nan biyu. Sabuwa ta fi kusa da Zariya, ita ma ta haura 50. Suna da amfani in za a bar na'ura ta yi awanni a kan turke a yi lissafi daga baya a ofis, in har tashar ba ta yi shiru ba a ranar, don masu binciken da suka yi aiki da bayanan tashoshin nan sun sha ambaton giɓin da ke cikinsu.

Sannan intanet ɗin da kake taƙama da shi, ka manta Satumbar 2021? Ƙananan hukumomi 13 aka katse wa sabis a Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa duk suna ciki, aka shafe watanni mutane na tafiya mai nisa don kiran waya guda. A lokacin an hana sayar da fetur a jarka, an rufe sana'ar cajin waya. Taurari ba su daina magana ba ko daƙiƙa ɗaya. Abin da ya rage wa mai awo shi ne tasharsa ta kansa, da rediyon da ke kai saƙo tsakanin na'urorin biyu, da abin da zai ciyar da su.

Ga mu a kan batir, inda Alhaji ya fi jin zafi. Na'urar kanta ba ta da ci, wat 3 zuwa 5 take sha, batirin cikinta yakan kai wasu awanni in sabo ne. Mai cin shi ne rediyon. In gonar tana da faɗi, ko akwai tudu a tsakani, sai an sa babban rediyo mai wat 35 da tasa doguwar eriyar, kuma shi lokacin da yake magana yana iya jan wat 100 daga batir. Batirin mota mai bolt 12 da amfiya 60, a takarda, wat 720 ne na awa ɗaya, amma in kana son ya ga baɗi rabi kawai za ka sha. Ka raba ka gani, yini guda ne da ƙyar. Shi kuma batirin mota an yi shi ne ya yi kukan kura ya tada inji, ba ya jure a tatse shi a hankali har ƙasa. Irin na sola ya fi dacewa, na litiyom ya fi sauƙin ɗauka ya fi tsada. Zafi ma yana cin rabonsa: ƙa'idar da masu batir suka sani ita ce, duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan 25 yana rage rabin rayuwar batirin dalma. Mu da muke ganin 40 a watan Afrilu, sai ka ƙirga. Shi ya sa za ka ga safiyo ya ajiye batir a inuwa shi ya tsaya a rana.

Mai shagon caji ya ce ai da sauƙi, ga fawa-bank. Wanda aka rubuta wa 20,000, in rubutun gaskiya ne, wat 74 ne na awa ɗaya, kuma bolt 5 yake fitarwa, alhali na'urori da yawa daga bolt 9 suke farawa. Wasu sababbi suna karɓar caji ta bakin USB-C, waɗannan ka yi nasara, amma rediyon ba zai ko kalle ka ba. Na kasuwa kuwa da aka rubuta wa 50,000 yana da nauyin ƙullin gishiri, ni da kai mun san abin da ke ciki. Janareta? Ƙaramin nan mai hayaƙi wutarsa hawa da sauka take yi, ka cika batir da shi a gida, amma kada ka jona masa na'ura kai tsaye. Ga fetur tun bayan 29 ga Mayun 2023 ba a yi masa wasa. Inbata kuma asara ce a nan: ka ɗauki wutar batir ka mayar da ita ta gida, caja ta sake mayar da ita ta batir, kowace juyawa da ladanta. Waya mai baki biyu, ja da baƙi, da fis a tsakani, ta wadatar, muddin yaron da ke taya ka ya san ja daga baƙi. Farantin sola yana taimako sosai, in akwai na'urar daidaita caji a tsakaninsa da batir, in kuma akwai mai goge masa ƙurar hunturu. Wutar KEDCO ba zan ce komai ba, sai dai in tuna maka Oktoban 2024, lokacin da yawancin Arewa ta haura mako cikin duhu.

Kana iya cewa in batir ya mutu sai a canza, mece ce matsalar? Ga ta. Sau da yawa a ƙauye babu turken gwamnati a kusa, sai safiyo ya kafa ta zaune ya ce mata ta ƙiyasta wurinta da kanta. Wannan ƙiyasin yana iya kaucewa da mita 1 ko 2, amma ba laifi, tunda duk awon ranar daga gare shi ake ƙirgawa, sassan gonar za su dace da juna. Sai wuta ta ɗauke da azahar. Aka kunna. In mai aikin ba ya lura, bai mayar mata da lambar safe ba, sai ta yi sabon ƙiyasi. Awon safe da na yamma sun rabu ke nan, kowanne daidai yake a karan kansa, amma rabon Hajiya Babba ya hau kan na ƙanenta da mita guda, ga hatimi, ga sa hannu. Ba za a gane ba sai ranar da aka zo gini. Bakin batirin da ya yi tsatsa, ko jan waya da tunkiya ta yi, ya isa ya haifar da shari'ar da jikoki za su gada.

Irin wannan saɓanin yana da babban yaya. Tsofaffin takardun filayen ƙasar nan an auna su ne daga wani turke da ke Minna, taurari kuma da nasu ma'aunin na duniya. Tsakanin biyun akwai gomman mitoci. Wanda ya kwafi lamba daga tsohuwar takarda ya zuba a waya ba tare da juyawa ba, zai tsinci gonarsa a tsakiyar ta wani. Wannan dai kada abokan wasanmu Nufawa su ji, cewa shekara da shekaru daga jiharsu ake ƙirga gonakin Katsinawa, don ba za mu sha ruwa ba.

Da Magariba kuma sai a naɗe kaya, ba don tsaro kaɗai ba, ko da yake a wannan yanki shi ma dalili ne babba. Muna kusa da tsakiyar maganaɗisun duniya, inda bayan faɗuwar rana saman iska ke yamutsewa, musamman wajen Maris da Afrilu da kuma Satumba da Oktoba, har na'ura ta riƙa sakin taurari tana sake kamawa. Duk tsadar eriya ba ta maganin wannan. Kuma mai hankali ba ya kafa doguwar sanda da faranti a bayan gari bai gaida mai unguwa da dagaci ba. A inda ake zargin kowa da kai rahoto, baƙo mai eriya sai ya yi bayani tun kafin a tambaye shi, in ba haka ba rabin gari za su ce zinariya yake nema, sauran rabin su ce abin da ya fi haka muni.

Saboda haka, Alhaji, in mai awo ya zo, ka tambaye shi ko yana da rajistar hukumar safiyoyi ta SURCON, ka tambaye shi daga wane turke ya fara, ka leƙa ka ga ko na'urarsa ta nuna ta kama daram ko tana lilo. Waɗannan haƙƙinka ne. Kuɗin batir kuwa, in har yanzu yana maka ciwo, akwai mafita: ka ciro na motarka ka ba shi aro, zai karɓa da godiya. Sai dai ka zo da magada duka, har da masu ƙarfi, don daga gonar zuwa bakin kwalta turi ne.